Ɓauren Tsohon Marowaci

A layinmu na unguwar Grassy Park yaro kan san ɓauren Boeta Gasant ba abin taɓawa ba ne tun kafin ya bambance damansa da hagunsa. Bishiyar tana bayan gida, tsakanin igiyar shanya da katanga, kujerar mai ita kuma tana fuskantarta, ko ana zafi ko ana ruwa. Tun da ya ajiye aikin filasta gadin nan ya zama sana'arsa. Ba albashi, ba hutu, ba kuma wanda ya ɗauke shi aikin.

Amma kada mu ɗauki alhakinsa, 'ya'yan yana bayarwa. Idan Fabrairu ta kama suka nuna, baƙaƙe wuluk daga waje, ciki ja zur, zuma tana tsattsafowa ta gindi, matarsa Janap takan zaga maƙwabta da faranti, kowane gida da rabonsa a kan ganye. Reshe ne ba ya bayarwa. Wanda kuwa ya san ɓaure ya san reshen ne magana. Ka shuka ƙwaya, abin da ya ga dama shi zai fito, wani lokacin ma abin da ko tsuntsu ba ya kallo. Ka yanki reshe mai tsawon fensir ka kafa a ƙasa, to uwar ce da kanta ta sake tsirowa a gidanka, ba 'yarta ba, ba jikarta ba.

Mutanenmu kuma suna da wata magana da suka gada: reshen da ka roƙa aka ba ka har ka yi godiya, ba ya kamawa. Na sata shi ke kamawa. Shi ya sa za ka ga tsohuwa mai carbi, wadda ba ta taɓa cin sisin kowa ba, ta tafi dubiya da ɗan almakashi a jaka. Masu gida suna ganin ta doshi shuka sai su tuna sun bar tukunya a wuta. Boeta Gasant ne kaɗai a layin ya ce ɓarayi ne suka ƙirƙiro zancen, ya kuma ƙara wa katangarsa tsawo.

"Uwarka ma ai satowa ta yi," in ji Janap duk lokacin da maganar ta taso.

"Mutum ba ya satar abinsa."

"To me ya sa ta ɓoye shi a dankali?"

Ba kuwa ƙarya ta yi ba. Yana ɗan shekara tara aka tashe su daga Constantia, lokacin da gwamnatin wancan zamani ta ce unguwar ta fararen fata ce. Ubansa manomin furanni ne, a keken doki yake kai su kasuwa. Ranar da babbar mota ta zo, mutumin da ya zo da ita ya ce kayan ɗaki kawai za a ɗauka, abin da ke cikin ƙasa ya zauna a ƙasa. Aka ɗora gado, aka ɗora tukwane, aka ɗora yara. Sai mahaifiyarsa Koebra ta ce ta manta butarta a bayan gida. Ta dawo da butar a hannu, da dankali guda a aljihu, an soka masa ɗan reshe don kada ya bushe a hanya. A cikin rairayin Grassy Park, inda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro, reshen nan ya kama.

Koebra ta daɗe da rasuwa. Gidan Constantia an rushe shi tun tuni, ko hotonta mai kyau Gasant ba shi da shi. Bishiyar kaɗai ta rage masa, yana kuma ganin in ta bazu gida-gida ta tashi daga ta Koebra ta zama ta kowa. Son uwarsa ne ya yi masa yawa, son kuma ya rasa ta inda zai fito sai ta rowa.

Shekarun baya wani dattijon manomi daga wajen Paarl, Oom Stoffel Rossouw, ya ji labarin ɓauren ya zo har gida, da gajeren wandonsa da doguwar safa har gwiwa. Irin mutanen nan ne masu tara ɓaure iri-iri kamar yadda wasu ke tara tattabaru. Ya sa guda a baki ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya yi tayin reshe ɗaya. Gasant ya ce a'a. Ya ninka, Gasant ya sake cewa a'a. Aka ba shi shayi da koesister, fanken nan namu mai zaƙi da kwakwa, aka raka shi bakin ƙofa da mutunci. Tun daga ranar Gasant ya samu labarin da yake bayarwa a kowane gidan biki, wai akwai mutanen da Allah ya ba su kuɗi ya hana su abin yi, suna biyan kuɗin rago a kan tsinke.

Sai ƙwaron ya zo. Ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar riɗi ba, yana huda itace ya shige ya bar cuta a ciki. Gasant, da ya shekara da shekaru yana gadin yara da tsofaffi, ta jikin kututture ɓarawonsa ya shigo. Kafin ya ankara rassa sun fara bushewa daga sama. Ya yanki waɗanda suka rage ya kafa a tukwane, a kwalabe, har a dankali, duk suka ruɓe, don cutar ta riga shi. Da kaka ta ƙare dole aka sare ta.

Kujerar ba ta motsa ba. Can yake zama yana kallon gindin da aka bari. Ranar Lahadi Janap ta kawo masa koesister da zafinsa ya ce ta ajiye, ya manta da shi har kwakwar ta bushe. Nan ta san abin ya wuce wasa, don mutumin nan ko ranar da aka cire masa haƙoran gaba bai bar koesister ya kwana ba.

Ana cikin sanyin Yuli, don mu nan lokacin ne hunturu, sai ga Moegsien, ƙanin Janap, direban akori-kura, wanda bai taɓa shiga gidan ya fita bai tsokani mijin yayarsa ba.

"Boeta, har yanzu kana gadin? Ai wanda zai saci wannan gindin sai ya zo da gatari da ma'aikata."

"In shayi ka zo sha, yayarka tana ciki."

"Labari na kawo. Ka tuna Oom Stoffel mai doguwar safa? Ya rasu. 'Ya'yansa sun sayar da gonar, masu gina gidaje za su ture komai. Abokan haukansa sun yanki rassan bishiyoyin, Asabar ɗin nan za a yi gwanjonsu." Ya zaro waya ya kai ta nesa da idonsa. "Saurari wannan. Baƙin ɓaure, jan ciki, asalinsa Constantia, an samo shi a Grassy Park. Reshe uku kacal."

Gasant ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Ka tsaya ka ji sunan da ya raɗa masa," in ji Moegsien, dariya tana cinsa. "Tsohon Marowaci."

Janap tana bakin ƙofar baya da tsumma a hannu. Mijin ya juyo a hankali ya dube ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita kuwa dama ba ta yi niyyar ɓoyewa ba.

"Lokacin da ka shiga ɗauko masa hularsa, na juya ina kwashe shanya," ta ce. "Safarsa doguwa ce, Gasant."

"Kina nufin kina gani ya..."

"Ban gani ba. Ai amfanin juyawar ke nan."

"A gidana! Da shayina a cikinsa!"

"Da koesister ɗina kuma. Ka zauna kada jininka ya hau. Yau da ban juya ba, ina za ka nemi uwarka?"

Ya rasa wanda zai fara, fushi ko murna, sai ya zaɓi fushi don shi ya fi sabawa da shi. Ya daina yi mata magana, abinci ma sai ya nuna da hannu. Amma ranar Alhamis ta same shi a ɗaki ya sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad. Kuɗin haƙoran roba ne a ciki, rand dubu huɗu da ya daɗe yana tarawa.

Moegsien da ya ji sai da ya dafa mota. "Boeta, ka sayi ɓauren da kuɗin haƙori, da me za ka ci shi?"

"Ɓaure ba ya bukatar haƙori. Ka zo da wuri ranar Asabar."

A zauren taro na wata coci aka yi gwanjon, a wani ƙaramin gari gaba da Paarl. Gasant ya sa kwat ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure da jar hularsa. Da ya shiga ya hangi dogon tebur sai ya tsaya turus. Tsinkaye ne zalla, ɗauri-ɗauri, an naɗe gindinsu da jiƙaƙƙiyar jarida. Ba ganye, ba 'ya'ya. Ka kwance ɗaurin ka cakuɗa su, ko Oom Stoffel ne ya dawo duniya ba zai ce ga wannan ga wancan ba. Ga kuma manyan mutane da tabarau suna sunkuyawa a kansu, suna ƙirga idon reshe, suna raɗa da juna kamar a ɗakin mai jego.

Kusa da shi wani ƙaton mutum ya zauna, mai jan gemu, ya miƙo hannu.

"Iri nawa Oom yake da su?" ya tambayi Gasant, don Oom, wato kawu, suke kiran kowane dattijo.

"Ɗaya," in ji Gasant. Ya gyara murya. "A da."

"Ni ɗari biyu da 'yan kai. Har daga tsibiran da ban san yadda ake faɗar sunansu ba."

"Kana cinye su duk?"

"Ina fa! Likita ya hana ni zaƙi. Matata ke ci ta ba ni labari."

Moegsien ya zunguri yayarsa, ita kuma ta taka masa ƙafa.

"To me kake saya?" Gasant ya tambaya, da gaske yake son ji.

Mutumin ya shafa gemu. "Oom, ɓaure ai cike yake da kasuwa. Amma wannan tsinken da kake gani, wani ne ya tsallaka teku da shi a cikin takalmi. Wancan kuma a bayan wani kango aka same shi, bishiya ɗaya tak, an sare ta bara. In na bari ya wuce ni yau, shi ke nan, ba kantin da zan je gobe in ce a ba ni. Kuma," ya rage murya, "in na bari, wancan mai sanƙon ne zai saya, ya shekara yana aiko mini da hoto."

Ɗan gwanjon ya hau mumbari da 'yar gudumarsa, baki kamar an kunna rediyo. Ɗauri ya fita, ɗauri ya shigo. Gasant yana jin kuɗin da ake kira yana ƙara matse gwangwaninsa a ƙirji. Ya riga ya tsara yadda zai yi: zai zauna da natsuwa, ba zai nuna yana so ba, sai an kusa buga guduma ya ɗaga ɗan yatsa.

"Yanzu kuma ga wanda kuke jira," in ji ɗan gwanjon, ya ɗaga wani siririn ɗauri sama. "Tsohon Marowaci! Oom Stoffel bai taɓa ba kowa ko ɓawonsa ba. Ya ce rowar a jinin bishiyar take, duk wanda ya riƙe ta sai ta kama shi. Ya ce a wurin wani dattijo ya samo ta, wanda ko inuwarta ba ya son maƙwabta su sha. Fari ya ci rabin bishiyar, wannan ukun kaɗai muka samu masu rai. Wa zai buɗe mana?"

"Ni!" Gasant ya faɗa, yana tsaye, hannu biyu a sama, gwangwani ya faɗi ƙasa yana ƙara.

Zauren ya fashe da dariya. Moegsien ya rufe fuska da hula.

Daga nan abin ya zama kokawa. Mai jan gemu ya taya, mai sanƙo ya ɗora don kawai mai gemu ya taya. Gasant yana ɗaga hannu tun kafin a gama kiran kuɗin, har sau ɗaya ya ɗora a kan tayin kansa, sai da ɗan gwanjon ya ce, "Oom, kai ke gaba, ka bar kanka ya huta." Mutumin da ya cika gidajen biki da labarin masu sayen tsinke, yau ga shi gumi yana bin wuyansa cikin sanyin Yuli. Da aka kai dubu huɗu ya ce dubu huɗu da ƙarfi, kamar ƙarfin zai tsorata sauran.

"Da ɗari biyar," wata murya ta ce daga baya.

Mace ce, farar fata, furfura ta gama kanta, tana sanye da tsohuwar rigar sanyi. Tun da aka fara ba ta taya komai ba. Gasant ya dubi Moegsien. Moegsien ya zazzage aljihunsa, Janap ta kwance bakin gyalenta, aka haɗa aka ƙara kaɗan. Matar ta ɗora. Mai gemu da mai sanƙo suka bi ta ɗan lokaci, sannan suka dubi juna suka haƙura tare, abin da aka ce ba su taɓa yi ba. A dubu tara guduma ta sauka.

Gasant ya zauna. Bai ji sauran gwanjon ba. Ranar da aka sare bishiyar ya ɗauka ya gama jin zafin, ashe da saura.

A waje ruwan saman da ake yi ya ɗauke. Moegsien ya buɗe masa ƙofar mota, ba tsokana ko ɗaya a bakinsa, abin da ya fi tsokanar ciwo. Sai Gasant ya hangi matar tana laluben makulli a gefen wata ƙaramar mota, ɗaurin a hammatarta. Kafin Janap ta riƙe shi ya isa wurinta.

"Mevrou, uwargida, ki gafarce ni. Tambaya ɗaya. Ke ma likita ya hana ki zaƙi?"

Ta yi dariya, ta ce sunanta Elsabé Viljoen, kuma ba ta da ɓaure ko ɗaya a gidanta.

"To me ya kai ki? Dubu tara, a kan tsinke uku!"

"Oom ma ai ba da wasa ya zo ba." Ta dubi ɗaurin. "A Constantia na tashi. Lokacin da babana ya gina gidanmu, akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure a filin, ita kaɗai magina suka bari. A kanta na yi ƙuruciyata. Ina makarantar kwana ya sare ta ya haƙa wurin wanka, na dawo hutu na tarar da siminti. Tun daga nan duk baƙin ɓauren da na gani sai na ɗanɗana, ba shi ba ne. Sai bara waccan, a gonar Oom Stoffel, na sa ɗaya a baki, na zauna a ƙasa ina kuka kamar yarinya. Ya ce asalinta daga unguwarmu ne. Na roƙe shi reshe ya ce sai ya yi tunani, yana cikin tunanin ya rasu."

Gasant ya matso kusa. "Bishiyar nan, kusa da wani ɗan rafi take?"

"Eh."

"Akwai zoben ƙarfe a jikinta, ɓawo ya cinye rabinsa?"

Makullin ya tsaya a hannunta. "Na ɗauka 'yan fashin teku ne suka kafa shi. Na yi ta haƙa a gindin ina neman zinariya."

"Dokinmu ake ɗaurewa a wurin," ya ce. "Bles sunansa."

Ta dube shi, ta dubi Janap da ta ƙaraso ta tsaya a bayansa. Fuskarta ta yi ja har kunne.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai mutane a wurin kafin mu."

"Akwai."

Ba ta nemi ya sauƙaƙa mata ba. Can ta ce a hankali, "Ashe Oom ne..."

"Ni ne marowacin, faɗi kawai. Duk zauren sun riga sun sani."

"Taka kuma fa, ta bayan gidanku?"

"Ƙwaro ya cinye ta. Abin da ke hammatarki shi ne duk abin da ya rage." Ya miƙa gwangwanin. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, kalmomin suna fita da ƙyar. "Ki sayar mini da ɗaya. Ga abin da nake da shi."

Elsabé ta buɗe baki, hannunta har ya kai ga zaren ɗaurin. Sai idonta ya faɗa kan Janap. Janap ta girgiza kai kaɗan, irin girgizawar da mata ke yi wa juna ta saman kan maza. Matar ta tsaya, ta sake dubanta, sannan ta janye hannu daga zaren.

"Ba na sayarwa, Oom."

Gasant ya sauke gwangwanin.

"Kyauta kuma ba zan ba ka ba. Matar da ta rene ni ta ce reshen kyauta ba ya kamawa, ita kuwa ko muciya ta soka a ƙasa sai ta yi ganye." Ta ɗora ɗaurin a kan murfin injin motarta, ta gyara masa zama. "Antie, na ga a cikin zauren ana sayar da ɓauren da aka dafa da sukari a kwalba, ni kuma ban iya zaɓa ba. Ko za ki taya ni?"

"Ai sai an ɗaga kwalbar an duba ta a haske," in ji Janap, ta kama hannunta. "Abin yana ɗaukar lokaci."

Moegsien kuwa nan take ya tuna tayarsa ta baya, ta can ɗaya gefen, tana neman iska.

Aka bar Boeta Gasant shi kaɗai da tsinke uku. Ya duba dama, ya duba hagu. Shekara kusan saba'in bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ya yi aiki a gidajen masu kuɗi, agogo a kan tebur, zobe a bakin famfo, bai ko kalla ba. Ya kori yara, ya kori tsofaffi, ya taɓa korar matar liman da almakashinta. Yau a ce shi, da jar hularsa, a harabar coci, da rana tsaka? Ya juya zai tafi. Ya yi taku kaɗan sai ya ga uwarsa, ƙarara kamar jiya, tana fitowa daga bayan gida da buta a hannu, tana wuce mutumin babbar motar nan ba ta ko dube shi ba.

Ya dawo. Ya zaro mafi siranta, don kunya. Ya juya shi a hannu, ya ga idonsa biyu ne kawai. In za ka sha giya sha ta dubu. Ya mayar, ya zaro mafi kauri.

Sai matsalar wurin ɓoyewa, don shi safarsa gajeriya ce. Ya cusa hannu a aljihun kwat, ya ji wani abu mai sanyi, dunƙulalle. Dankali ne, an wanke shi tas, har an huda masa rami. Tun daga gida Janap ta sa masa.

Da matan suka fito, kowacce da kwalba a hannu, yana tsaye nesa da motar yana nazarin duwatsu kamar shi aka ba kwangilar yi musu filasta. Elsabé ta ɗauki ɗaurinta ba ta duba ba, ta ajiye a kujerar gefe, ta shiga ta tada mota. Ta sauke gilashi. Idonta ya kawo ruwa, nasa ma haka. Godiya ta taso masa tun daga ciki har ta zo baki.

"Mevrou, na go..."

Dunduniyar Janap ta sauka a kan yatsunsa.

"Za ka kashe shi tun bai taɓa ƙasa ba?"

Ya haɗiye. A rayuwarsa bai taɓa haɗiye abu mai nauyin wannan ba. Ya ɗan taɓa hularsa da yatsa, matar ta gyaɗa kai, ta ja motarta ta tafi.

Da suka hau titi sai Moegsien ya dubi yayarsa. "Tietie, ki riƙe jakarki da kyau. Akwai ɓarawo a motar nan."

"Tuƙa mu dai," in ji Gasant, hannunsa a kan aljihu. "Ka kuma bi ramuka a hankali."

Reshen ya kama. Janap ta ce dama ta sani, Gasant ya ce takin da ya haɗa ne, har yau ba su daidaita ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne wurin da ya dasa shi. Ba bayan gida ba, gaba, dab da ɗan shingen da bai wuce ƙugu ba, inda duk mai wucewa sai ya goge shi da kafaɗa. Haƙoran ma ya saya, tunda kuɗin sun dawo gida.

Da bishiyar ta yi ƙwari ta zubar da ganye a sanyinta na uku, wata safiyar Lahadi ya fito da kujerarsa gaban gida. Janap tana kallo ta taga ya ajiye ta, ya tsaya yana shawara, sannan ya juya ta, ta ba bishiyar baya, ta fuskanci bangon da shi ya yi masa filasta da hannunsa, wanda ba abin kallo a jikinsa ko ɗaya. Ya zauna da shayinsa da koesister.

Bai daɗe ba ya ji takun silifa ya rage sauri a bakin shinge. Ya ji an buɗe jaka. Wuyansa ya so juyawa da kansa, sabo na shekaru, ya riƙe shi da ƙarfi. Sai ya ji ƙas.

"Janap!" ya ɗaga murya. "Shayin nan bai ji sukari ba!"

Ya ci gaba da kallon bango har takun ya yi nisa. Janap ta fito da gwangwanin sukari, ta tarar ya shanye shayin, yana share ido da bayan hannu.

"Matar liman ce," ta ce.

"Ban tambaye ki ba." Ya miƙa mata kofin. "Koebra ce ta sake gida. Wannan karon ba wanda ya tashe ta."